Husumar Fifiko a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Jami'o'in Amurka masu buga ƙwallon ƙasarsu, wadda ake runguma a ruga da ita, sun kasu rukuni-rukuni, kuma da yake kowace ƙungiya wasa 12 take yi a kaka, akasari da 'yan rukuninta, babu mizanin da zai tabbatar da rukunin da ya fi, sai ijtihadin masu zaɓe. Rukunin SEC na kudu maso gabas ya ɗauki kambu sau 7 a jere, daga 2006 zuwa 2012, har fifikonsa ya zama tamkar ijma'i. Amma masu inkari suna nuni da cewa tashar ESPN, wadda ke nuna wasannin ƙarshe, ita ce mamallakiyar SEC Network.

Husumar ta yi tsamari a Disambar 2023, sa'ad da kwamitin mutum 13 mai zaɓen ƙungiyoyin da za su buga wasannin ƙarshe ya ajiye Florida State, zakaran rukunin ACC, wadda ta ci wasanninta 13 duka, ya ɗauki Alabama ta rukunin SEC da aka doke sau ɗaya, bisa hujjar cewa jagoran 'yan wasan Florida State, Jordan Travis, ya karye a ƙafa. A ganina hukuncin bai yi adalci ba, ko da yake masu zargin son kai sukan manta cewa ACC Network ma ta ESPN ce.