Ko Sai Mai Addini Ne Kaɗai Ke Iya Kishin Ƙasa?

Kowace safiya 'ya'yanmu sukan jeru a filin makaranta su karanta alkawarin biyayya ga Nijeriya. Wannan alkawari, wanda Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976, yana ƙarewa ne da roƙon taimakon Allah. Haka kuma gwamna ko alƙali, ranar da zai kama aiki, yawanci yakan riƙe Littafi Mai Tsarki ko Alƙur'ani ya rantse. Shi ya sa mukan ji wasu 'yan'uwa a zumuntar matasa suna cewa wanda bai san Allah ba, ba zai iya ƙaunar ƙasarsa ba. Shin haka ne?

Bari mu fara da doka. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na ƙasa, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini. Har wajen kama aiki, doka ta yarda wanda ba ya son rantsuwa ya ɗauki alkawari kawai. Ashe ƙasa ba ta tambayar inda mutum yake sujada kafin ta karɓe shi a matsayin ɗanta.

Gani kuwa ya kori ji. Marigayi Tai Solarin ya faɗa a fili cewa shi bai gaskata da Allah ba. Duk da haka a 1956 shi da matarsa Sheila suka kafa makarantar Mayflower a Ikenne, cikin Jihar Ogun ta yanzu, inda yara suka koyi noma da gini da cin guminsu tare da karatu. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya damu ƙwarai da yaran da yunwa ke kashewa a Gabas, ya kai musu agaji. A 1974, da gwamnatin soja ta fasa alkawarin miƙa mulki a 1976, ya yi rubutu ya ce hakan bai dace ba, aka tsare shi. An sake tsare shi a 1984. Har ya rasu a 1994, gajeren wando da taguwar kaki ne suturarsa. Ba mu yarda da ra'ayinsa game da Allah ba ko kaɗan, amma wa zai ce bai ƙaunaci Nijeriya ba?

Maganar Allah ma ba ta bar mu cikin duhu ba. A Ishaya sura 45, Ubangiji ya kira Sairus, sarkin Farisa, da sunansa ya ba shi aiki, ko da yake bai san Ubangiji ba. Shi ne ya ba Yahudawa izinin komawa Urushalima su gina Haikali. Manzo Bulus kuma ya koya mana a Romawa sura 2 cewa al'ummai da ba a ba su Shari'a ba suna da lamiri mai yi musu shaida. Wannan lamiri ne yake sa marar addini ya ƙi cin hanci. Kyauta ce daga Mahalicci, ko mai ita bai gane wanda ya ba shi ba.

To, ina amfanin bangaskiyarmu? Amfaninta shi ne ta toshe mana kowace kafar hujja. Annabi Irmiya, a sura 29, ya umarci bayin da aka kai Babila su nemi lafiyar birnin da ya bautar da su, su kuma yi masa addu'a. In haka aka ce game da ƙasar bauta, balle ƙasar da aka binne cibiyarmu? Kishin ƙasa ba ya ceton rai, Yesu Almasihu ne kaɗai yake ceto. Amma wanda aka ceta ba shi da izinin zama mugun ɗan ƙasa.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Majami'u da masallatai sun cika maƙil, amma takin manoma yana ɓacewa a hanya, maganin asibiti yana bayyana a kasuwa, ana sayar da ƙuri'a da mudun shinkafa. Yawancin masu yin haka suna da wurin sujada, wasu ma a bencin gaba suke zama.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu auna kishin maƙwabcinmu da addininsa. Mu auna namu da aikinmu: malami ya shiga aji a kan lokaci, ma'aji ya kawo lissafi cikakke, mai awo ya cika mudu. Duk wanda muka iske yana yi wa ƙasa aikin gaskiya, mu kama masa, rayuwarmu kuma ta zama wa'azin da zai fara ji. Allah ya taimake mu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.