Ƙwayar Cuta Mai Cin Ƙwayar Cuta

Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana da ake kira bakteriyofaj, ba ruwansu da mutum, bakteriya kaɗai suke afka wa. Sukan shiga cikinta su hayayyafa har ta fashe.

A 2018, a Landan, wata yarinya 'yar shekara 15 da aka yi wa dashen huhu tana fama da Mycobacterium abscessus, 'yar'uwar ƙwayar tarin fuka, magunguna duk sun gaza. Masanin Jami'ar Pittsburgh Graham Hatfull da abokan aikinsa suka haɗa mata bakteriyofaj iri uku, ɗaya ma daga ruɓaɓɓen yalo aka samo shi a Afirka ta Kudu. Aka riƙa yi mata allurarsu ta jijiya, raunukan da cutar ta jawo mata suka soma warkewa.

Sai dai kowane iri da bakteriyar da yake ci, dole a gwada wa kowane majiyyaci nasa.