Santambul ta Bayan Laleli: Unguwanni da Tukwanensu

Duk ɗan kasuwar Kano ko na Maraɗi da ya taɓa zuwa sarin kaya Santambul ya san Laleli. Nan shagunan dogayen riguna da mayafai da takalma suke jere, nan ake ɗaure dila, nan kuma ofisoshin masu aiko da kaya ta jirgi suke. Da yawa kan shafe mako guda tsakanin otal da shago. In an sami sarari ranar ƙarshe, a leƙa Ayasofiya da masallacin Sultan Ahmad a ɗauki hoto, sai filin jirgi. Abinci kuwa shawarma ce safe da yamma. Alhali in mutum ya bar babban titin ya haura arewa da ƙafa, kafin kwata guda ya shiga wata Santambul daban, wadda ba a gina ta don baƙi ba.

Birnin ya haura mutum miliyan 15, kuma mafi yawansu ko dai baƙi ne ko jikokin baƙi. Tun da Sultan Muhammad Alfatih ya ci garin a 1453 ake ta shigowa: daga ƙasashen Balkan, daga Andalus, daga ƙauyukan Anatoliya, kwanan nan kuma daga Siriya. Kowane ayari ya kama unguwarsa, ya ɗora tukunyarsa. Shi ya sa a tsohon garin, abin da ake dafawa a layi kan gaya wa mutum asalin mazauna layin tun kafin ya tambaya.

Zango na farko shi ne Wefa, unguwar da ta ci sunan wani shehin Sufaye da ya rasu a 1491. A wani lungu nata akwai shagon da ke sayar da boza tun 1876. Wanda ya kafa shi, Haji Sadik, ya zo ne daga Prizren, garin da yanzu yake ƙasar Kosobo, kuma har yau zuriyarsa ke riƙe da sana'ar. Bahaushe ba zai yi wa boza kallon baƙo ba, don da gero ake yin sa. A dafa geron, a tace, a zuba sukari, a bar shi ya ɗan yi tsami. Ya fi kunun zaƙi kauri nesa ba kusa ba, har wanda ya kai rabin kofi dole ya nemi cokali. Ana barbaɗa masa kirfa, a watsa leblebi a kai, wani gasasshen wake ne mai kama da gurjiya. Al'adar wurin ita ce mai sha ya fara tsallakawa shagon da ke fuskantar na boza ya sayo ƙullin leblebinsa, sannan ya dawo ya karɓi kofi.

Dutsen dokin ƙofar shagon ya lotse saboda taku. A bango, cikin gilashi, an adana kofin da shugaban Turkiyya na lokacin, Mustafa Kamal Ataturk, ya sha boza da shi a 1937. Abin mamaki ga baƙo shi ne da sanyinsa ake shan boza, kuma lokacin hunturu ne kasuwarsa. A da, masu talla kan ratsa unguwanni cikin dare da tulunsu suna jan sunansa da doguwar murya, kuma har yanzu akan ji ɗaiɗaikunsu.

Daga Wefa zuwa masallacin Sulaimaniyya 'yar tafiya ce. Babban magini Sinan ne ya gina shi tsakanin 1550 da 1557 bisa umarnin Sultan Sulaiman, tare da makarantu da asibiti da gidan wanka da ɗakin girkin ciyar da mabuƙata. Masu yawon buɗe ido kan shiga su ɗaga kai su dubi ƙubba su fita. 'Yan gari kuwa, da an sallame azahar, layin da ke fuskantar masallacin suke nufa, inda aka jera tebura a gaban tsofaffin gine-ginen makarantun. Abu ɗaya ake zuwa ci: kuru fasulye, wato farin wake. Akan jiƙa shi ya kwana, a dafa shi a hankali da man shanu da albasa da markaɗaɗɗen tumatir har ya yi laushi ba tare da ya farfashe ba. A zubo shi da jan romonsa, a ɗora busasshen barkono guda a kai, a kawo shinkafa a wani faranti, da kayan lambun da aka tsuma a ruwan gishiri. Wanda ya tashi da garau-garau zai gane ɗan uwansa, sai dai a nan romo ya maye gurbin mai da yaji. Ɗaya daga cikin gidajen abincin layin tun 1924 yake wannan girkin, kuma ɗaliban Jami'ar Santambul da ke maƙwabtaka na cikin manyan masu cinikinsa.

Irin waɗannan wurare Turkawa na kiransu esnaf lokantasi, gidan abincin masu sana'a. Ba a buƙatar jin yare. An jera tukwane a bayan gilashi, mutum ya nuna da yatsa a zuba masa, burodi kuma yana kan tebur. Abincin rana ne, wanda ya makara sai ya tarar an kankare tukunya.

In aka gangara yamma, za a ci karo da wata doguwar gadar dutse mai hawa biyu, motoci na kutsawa ta ƙarƙashin bakunanta. Hanyar ruwa ce da Rumawa suka gina a ƙarni na 4, abin da ya rage nata ya haura mita 900. A inuwarta Kadinlar Pazari take, ma'ana Kasuwar Mata, kodayake yau mahauta ne suka fi yawa a cikinta. Dandalin ya zama zangon mutanen Siirt da maƙwabtansu na kudu maso gabashin Turkiyya, masu jin Kurdanci da Larabci. Shagunan cike suke da kayan gida: zumar Perwari, cukun garin Wan da aka cakuɗa da ganyayen dutse, busassun 'ya'yan itace, da sabulun gargajiya.

Amma buryan ne sarkin wurin. Ana haƙa rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum, a hura itace a ciki har ya koma garwashi. A ajiye tukunya a ƙasa don tarar mai, a rataya naman ɗan rago a ƙugiyoyi, a rufe bakin ramin a liƙe shi da taɓo. Bayan sa'o'i sai a buɗe. Wuta ba ta taɓa naman ba, zafi da tururi ne suka dafa shi, bayansa ya yi ja, cikinsa kuwa ko tsohon da ba shi da haƙori zai iya da shi. Gishiri kaɗai ake sa masa. Mai yanka zai tambaya: mai ƙashi ko marar ƙashi, mai kitse ko tsoka? Sai ya auna a sikeli, ya daddatsa bisa faffaɗan burodi mai zafi. Ana kora shi da ayran, nonon da aka dama da ruwa da ɗan gishiri har ya yi kumfa. Mai son balangu zai nemi yaji ya rasa, amma kafin loma ta uku ya manta.

Abokin tafiyar buryan shi ne perde pilavi, shinkafa da kaza da almond da aka lulluɓe cikin kwaɓaɓɓiyar fulawa aka gasa, ta fito kamar hular dara. A Siirt abincin biki ne, kuma akan ce ɓawon da ya rufe shinkafar ishara ce ga amarya ta riƙe sirrin gidan da ta shiga.

Bayan kasuwar, unguwar Zeyrek ce da gidajenta na katako, wasu an gyara, wasu sun karkace. Masallacinta asalinsa majami'ar Rumawa ce ta ƙarni na 12, kuma unguwar na cikin sassan birnin da hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihin duniya a 1985. Gaba kaɗan sai masallacin Fatih, inda kabarin Sultan Muhammad yake. Girgizar ƙasar 1766 ta rushe ginin farko, wanda ake gani yau sabuntawa ce. Kowace Laraba titunan da ke kewaye da shi kan rikiɗe su koma kasuwa, unguwar da ke gefe kuma sunanta Carshamba, wato Laraba. A nan ne kuma sabon ayari ya sauka. Bayan ɓarkewar yaƙin Siriya a 2011, Turkiyya ta karɓi 'yan gudun hijira sama da miliyan 3, da dama suka buɗe shaguna a layukan gefen masallacin. Allunan Larabci, ƙamshin gahawa mai haɗin hel, falafel na soyuwa kamar ƙosai: wanda ya iya Larabcin Islamiyya zai yi ciniki a nan ba tafinta.

Gangaren da ya nufi mashigin ruwan Halic yana kai mutum Fener da Balat. A Fener ne fadar shugaban Cocin Otodoks na Girkawa take, a saman tudu kuma makarantarsu ta jan bulo da aka gina a shekarun 1880 tana tsaye kamar ganuwa. Balat ta karɓi Yahudawan da aka kora daga Sifaniya a 1492, waɗanda Sultan Bayazid na Biyu ya buɗe wa ƙofa. A bakin ruwa akwai cocin Bulgeriyawa da aka ƙera da zallar ƙarfe a Biyana, aka kawo shi gunduwa-gunduwa ta jirgin ruwa, aka buɗe shi a 1898. Yawancin Girkawa da Yahudawan sun yi ƙaura a ƙarni na 20, mutanen karkara suka maye gidajensu. Yanzu masu ɗaukar hoto sun gano fentin gidajen Balat, shagunan gahawa sun yawaita, haya ta tashi. Layi biyu daga inda ake hoton, har yau igiyar shanya ce ke haɗa taga da taga.

Can ƙuryar Halic, bayan tsohuwar ganuwa, Eyub take. Nan ne makwancin Sahabi Abu Ayyubal Ansari, Allah Ya yarda da shi, wanda ya sauki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidansa lokacin hijira zuwa Madina. Ya rasu ne da tsufansa a rundunar da ta zo wa birnin a zamanin Mu'awiya. An gina masallaci a wurin a 1458, kuma a da nan ake ɗaura wa sabon sarkin daular Usmaniyya ta Turkawa takobi. Har gobe iyaye na kawo yaran da za a yi wa kaciya, an sa musu fararen kaya da alkyabba da sanda kamar 'ya'yan sarki.

Wanda yake da sauran yini sai ya hau jirgin ruwa ya tsallaka ɓangaren Asiya. A zamanin sarakunan, daga unguwar Uskudar da ke can ne ayarin da ke kai kyautar sarki Makka da Madina yake tashi duk shekara, alhazai na biye. Wurin da dangi ke yin bankwana da su ana kiransa Ayrilik Ceshmesi, Famfon Rabuwa, kuma sunan da wata tashar jirgin ƙasan da ke ratsa ƙarƙashin teku tun 2013 take amsawa ke nan. A Uskudar akwai sauran dutsen sadaka, wani ginshiƙi mai rami a ka, inda a da mai hali kan ajiye kuɗi da dare, mabuƙaci ya ɗebi daidai buƙatarsa, ba wanda ya ga fuskar wani. Ɗabi'ar ba ta mutu ba. A gidajen burodi da yawa akwai askida ekmek, burodin rataye: mai saye ya biya biyu ya tafi da ɗaya, ɗayan a ajiye wa wanda ba shi da ko sisi. Kusa da nan, a Kuzgunjuk, masallacin da aka gina a 1952 yana kafaɗa da kafaɗa da cocin Armeniyawa, a tsakiyar unguwar kuma akwai lambun da mazauna suka yi ta fafutukar hana a mayar da shi gini.

Mai niyyar wannan zagaye ya tanadi takalmi mai daɗin taku, don tsohon garin tudu da gangare ne. Ya sayi Istanbulkart, katin da ke biyan bas da tarago da jirgin ruwa. Ya riƙe 'yan kuɗi a hannu saboda ƙananan shaguna, ya kuma lura cewa wasu gidajen kifi na bakin ruwa suna sayar da giya, saɓanin na kewayen Fatih da Eyub. Buryan da wake duka kafin la'asar suka fi samuwa. Ga ɗan sari kuwa, ranar da yake jiran a gama ɗaure masa kaya ta ishe shi ya ci wake a Sulaimaniyya, ya sha boza a Wefa, ya yi la'asar a Fatih, ya dawo Laleli kafin magariba.