Ƙaramar Motar Tsere Mai Aiki da Rimot: Me Ke Sa Ta Gudu?

Gabatarwa

A Dayi da sauran garuruwan ƙasar Malumfashi da Funtuwa, da zarar an girbe dawa, yara kan shiga ƙera motar kara. Waɗanda suka ɗan tasa kan ƙera ta langa-langa, su yanka mata tayoyi daga tsohon silifas. Wasu kan ciro ɗan injin lantarki daga matacciyar rediyo mai kaset, su haɗa shi da batir, motar ta riƙa tafiya da kanta. Wannan fasaha ita ce a wasu ƙasashe ta bunƙasa ta zama tseren ƙananan motoci masu aiki da rimot, har aka kafa mata hukumar duniya mai suna IFMAR a shekarar 1979.

Yawancin masu fara wannan wasa kan ɗauka cewa babban inji shi ne gudu. Ba haka abin yake ba. Gudu yana samuwa ne idan inji da giya da batir da taya da nauyi suka dace da juna. Wanda ya jahilci haka zai kashe kuɗinsa, kuma ya ƙona injinsa.

Yadda Umarni Ke Isa ga Mota

Tun a shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York wani ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa daga nesa da igiyar rediyo. A shekarar 1976 kuma kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta farko mai rimot. Irin waɗanda ake kwaikwayon motocin tseren Formula 1 da su, galibi ana yin su ne bisa ma'aunin 1:10, wato santimita 1 a jikinsu na madadin santimita 10 a jikin babbar mota.

Rimot ɗin da ke hannun mai tuƙi tashar rediyo ce ƙarama. Akwai 'yar na'ura a cikin motar da ke kama saƙon, ta raba shi biyu: ɗaya zuwa ga ƙaramin injin da ke juya sitiyari, ɗaya zuwa ga na'urar da ke ƙayyade wutar da babban inji zai samu. Tsofaffin motoci na aiki a kan megahaz 27, kuma idan biyu suka haɗu a zango ɗaya sai umarninsu ya cakuɗe. Na zamani suna aiki a kan gigahaz 2.4, inda kowace mota ke jin rimot ɗinta kaɗai.

Lissafin Giya

Nan ne zuciyar al'amarin. A bakin inji akwai ƙaramar giya, tana cizon wata babba da ke maƙale da sandar tayoyin baya. A ɗauka ƙaramar na da haƙora 20, babbar na da 80. Sai inji ya juya sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan inji na juyawa sau 12,000 a minti, taya za ta juya sau 3,000.

To, a ce faɗin tayar santimita 6 ne. Kewayenta zai kama kimanin santimita 18.85. A ninka wannan sau 3,000, za a sami kusan mita 565 a minti ɗaya, wato kimanin kilomita 34 a awa. Idan aka sauya ƙaramar giya da mai haƙora 25, taya za ta juya sau 3,750, lissafin gudu ya tashi zuwa kilomita 42. Wannan lissafin takarda ne. A ƙasa gudun kan gaza haka saboda nauyi da gogayya.

Sai dai ba a samun wannan ƙari kyauta. Abin da aka ƙara a gudu, an rage shi a ƙarfin tashi. Motar za ta yi nawa wajen tasowa, injin ya riƙa jan wuta fiye da kima, ya yi zafi, a ƙarshe wayoyinsa su ƙone. Duk wanda ya taɓa hawan tudu da keke ɗauke da buhun masara ya san wannan doka a ƙafafunsa. Ita ce kuma ta sa tarakta, duk da ƙarfin injinta, ba ta iya tsere da ƙaramar mota: an tsara giyarta don jan garma ne. Saboda haka fili mai yawan kwana yana son ƙaramar giya mai haƙora kaɗan, miƙaƙƙen fili kuma mai haƙora da yawa. Bayan gudun minti biyar a taɓa injin da yatsa. Idan ba a iya barin yatsan a kai na daƙiƙa uku, to giyar ta yi masa nauyi.

Batir da Inji

A da ana amfani da batir mai ƙwayoyi 6, kowace ƙwaya volt 1.2, jimla volt 7.2. Yanzu an fi amfani da na sinadarin litiyam, danginsu ɗaya da na wayar hannu, mai volt 3.7 a kowace ƙwaya. Biyu kan ba da volt 7.4, kuma sun fi sauƙin nauyi. Amma suna da haɗari. Idan aka huda su, ko aka cika musu caji, ko aka bar su cikin rana, suna iya kama wuta. Batirin da ya kumbura ba a sake amfani da shi, kuma ba a yi masa caji a kan katifa ko kusa da auduga.

Injin da ake cirowa daga rediyo yana da burushi biyu masu gogar sashen da ke juyawa domin isar da wuta. Wannan goga na cinye ƙarfi, burushin kuma na sidewa. Injunan tsere na yanzu ba su da burushi. Na'ura ce ke sauya wutar, don haka sun fi ƙarko. Duk da haka, kafin a yi tunanin sabon inji, a fara duba gogayya. Sanya boris a maimakon zoben roba a sandar taya, da share ƙurar hunturu daga haƙoran giya, gyara ne mai araha da ke ƙara gudu da daɗewar batir.

Taya, Nauyi da Iska

Ƙarfin inji ba ya isa ƙasa sai ta taya. Idan tayar ba ta kama ƙasa ba, sai ta yi ta juyawa a banza. Taya mai laushi ta fi kama siminti amma tana saurin cinyewa. A kan turɓaya kuwa sai mai zane.

Wurin da aka aza nauyi ma abin lura ne. Motar da aka yi wa lodin auduga har sama ta fi saurin kifewa a kwana, domin cibiyar nauyinta ta yi sama. Don haka a kwantar da batir a can ƙasa, a tsakiyar mota, yadda hagu da dama za su daidaita.

Fukafukan da ake gani a motocin Formula 1, waɗanda suka fara bayyana a shekarar 1968, fiffiken jirgin sama ne aka kifa: maimakon iska ta ɗaga mota, sai ta danne ta a ƙasa. Ƙarfin wannan danniya na ninkuwa sau 4 idan gudu ya ninka sau 2. Ke nan a motar da ke tafiya a hankali, fiffike bai wuce ado ba.

Gwaji a Makaranta

Malami na iya gudanar da wannan da awon mita da agogon waya kawai. A auna mita 20 a kan daɓe mai santsi. A saki mota sau 3, a ɗauki matsakaicin lokaci. Idan ta ci daƙiƙa 4, gudunta mita 5 ne a daƙiƙa, wato kilomita 18 a awa. Sa'an nan a sauya abu ɗaya tak, ko giya ko taya ko mazaunin batir, a sake aunawa, a rubuta. Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ya taimaka, wanne ya cutar ba. Motar langa-langa mai injin rediyo ta isa wannan gwaji. A maimakon giya, sai a sauya girman kwarkwaron da robar ke zagayawa, kamar yadda ake yi wa bel ɗin injin niƙa.

Kammalawa

Jelani Aliyu, ɗan asalin jihar Sakkwato, ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit a Amurka, ya kama aiki da kamfanin General Motors a 1994. Shi ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, ya kuma shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. Tambayoyin da masu irin aikinsa ke fama da su, na nauyi da iska da batir, su ne dai ke gaban ɗalibin da ke riƙe da motar langa-langa. Abin da ya rage wa ɗalibin shi ne ya auna, ya rubuta, ya sake gwadawa.