Gyaɗa ta fi kusa da madobiya fiye da gurjiya

Manomin da ya tone gyaɗa da gurjiya a gona ɗaya zai rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukkansu a sama suke fure, sannan su sunkuyar da 'ya'yansu su binne a ƙasa. To amma binciken ƙwayoyin gado ya ƙaryata ido. Gurjiya 'yar ɗakin wake ce, duka biyun Vigna ake kiransu, kuma asalinsu Afirka. Gyaɗa kuwa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, kuma cikin itatuwan dajinmu wanda ya fi kusa da ita shi ne madobiya, wannan dai da ake sarewa don katako. Dabarar binne 'ya'ya kowacce ta gano abarta ne daban.

Dangin da ya haɗa su, Fabaceae, shi ne na uku a girma cikin tsirrai masu fure, da nau'i kusan 19,500. Alamarsa ita ce kwanso. Duba ɗorawa da tsamiya da kalgo da tafasa da baban rini, kowanne ƙwayarsa a jere take cikin kwanso.

Shekaru aru-aru masana na raba dangin gida uku bisa siffar fure. Akwai masu fure irin na wake, akwai masu fure dunƙule kamar tuntu irin na ɗorawa da bagaruwa, sai gida na uku da aka zuba duk wanda bai shiga biyun farko ba. Wannan na ukun ne ya tona asirin tsarin, don da aka duba ƙwayoyin gado sai aka tarar mazauna cikinsa ba kakansu ɗaya ba. A 2017 wata ƙungiyar masana daga ƙasashe da dama ta wallafa sabon tsari a mujallar Taxon, gidaje suka zama shida. Tsamiya da taura da maje da kawo suka koma gida ɗaya, kalgo ya koma wani. Tsamiyar biri ta samu nata daban. Ɗorawa da gawo da bagaruwa suka rasa gidansu, aka shigar da su wajen tafasa da rai-ɗore. Akwai ma gidan da tsiro ɗaya tal ke ciki, Duparquetia, mai yaɗo a kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Rigimar da ta fi zafi ita ce ta sunan Acacia. Da ta tabbata cewa itatuwan da ke ɗauke da sunan ba zuri'a ɗaya ba ne, dole wasu su saki. Babban taron masana tsirrai a Biyana ya bar wa na Ostiraliya sunan a 2005, taron Melbon ya tabbatar a 2011. Bagaruwar da majema ke jima da ita ta zama Vachellia nilotica, ɗakwara mai ba da ƙaro ta zama Senegalia senegal. A ganina an yi wa Afirka ƙwace, domin daga itacen Afirka sunan ya samo tushe. Rabuwar kanta dai gaskiya ce. Gawo shi tun 1934 aka cire shi, aka laƙaba masa sunan Faidherbe, gwamnan mulkin mallakar Faransa a Senegal.

Kada a ɗauka wannan gardamar 'yan boko ce kawai. Ana yawan faɗa wa manoma cewa duk mai kwanso yana ƙara wa gona ƙarfi, alhali ba haka ba ne. Tuge wake ka duba saiwarsa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. Murtsuke ɗaya, cikinsa jaja-jaja ne, nan bakteriya ke kama naitirojin daga iska. Gyaɗa da gawo da bagaruwa suna da su. Gidan tsamiya da gidan kalgo ba su da su, tafasa ma haka. Malamin gona da zai ba da shawarar itacen da za a bari a gona don taki, ya fara sanin gidan da itacen ya fito.