Wane Ne Sarki Mai Gemu na Dairul Bahri?

A shekarar 1829 Jean-François Champollion, Bafaranshen nan da ya gano bakin zaren rubutun mutanen Masar na dauri shekara 7 kafin nan, ya isa wani kango a gindin wani dogon dutse, yamma da kogin Nilu, daura da garin Luksor. Mutanen wurin suna kiransa Dairul Bahri. Rairayi da ɓaraguzai sun binne yawancin ginin, amma ana iya shiga ɗakunan sama. A jikin bango ya ga sarakuna biyu. Ɗaya sananne ne, Tutmos na Uku, mayaƙin da sunansa ya cika gine-ginen ƙasar. Ɗayan kuwa baƙo ne, babu sunansa a jerin sarakunan da aka sani, amma shi ne a gaba, Tutmos yana biye da shi.

Siffarsa ta cikakken sarki ce: gemun sarauta ɗaure a haɓa, ƙirji a buɗe, guntun zane a ƙugu. Da Champollion ya karanta rubutun da ke gefensa sai kansa ya ɗaure. Harshen Masar na dā ɗan'uwan Hausa ne na nesa, gidansu ɗaya da Larabci da Somaliyanci da harshen Buzaye, kuma shi ma da harafin t yake nuna mace, kamar yadda muke cewa ta zo, ko gidanta. A wurinsu sa shi ne ɗa, sat kuma 'ya. To, wannan sarki mai gemu 'yar Ra, gunkinsu, ake ce masa, ba ɗan Ra ba, kuma duk kalmomin da ke zancensa na mace ne. Ga kuma wani abu: a wurare da dama an kankare sunansa daga cikin zoben da ake rubuta sunan sarki, an sassaƙa wani suna a kai.

Champollion ya yi ƙoƙarinsa. Ya ce namiji ne mai riƙon ƙwarya, mijin wata sarauniya, yana magana da yawunta, shi ya sa kalmomin suka zama na mace. Mutumin da ya iya karanta abin da ya gagari duniya shekara fiye da dubu, abu ɗaya ne bai kawo a ransa ba: cewa rubutun gaskiya yake faɗi, mai gemun ita ce macen.

Alamar farko tana cikin tsofaffin littattafai. Maneto, wani malamin addinin Masar da ya rubuta tarihin sarakunan ƙasar a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya ambaci wata mace a cikin zuriyar su Tutmos, Amesis, wadda ya ce ta yi mulki shekara 21 da wata 9. Amma jerin sunayen da Sarki Seti na Ɗaya ya sa aka sassaƙa a Abidos bai san da ita ba. Daga Tutmos na Biyu sai ya wuce zuwa Tutmos na Uku, ba ko rata. Ɗaya daga cikin shaidun nan biyu yana ɓoye wani abu.

Abin da ya raba gardamar shi ne haƙa. Daga 1893 zuwa 1907 Édouard Naville, mutumin Suwizalan, ya kwashe ƙasar da ta rufe Dairul Bahri, sai ga haikali mai hawa uku da jerin ginshiƙai. A bango ɗaya an zana labarin haihuwar sarkin, an ambaci uwarsa Ahmos, matar Tutmos na Ɗaya. Kafin lokacin an riga an gyara karatun sunan: Hatshepsut, wato ta gaban mata masu daraja. 'Yar Tutmos na Ɗaya ce, an aurar da ita ga ɗan'uwanta da suke uba ɗaya, Tutmos na Biyu, kamar yadda al'adar gidan sarautarsu take. Ta haifa masa 'ya mace, Neferure. Ɗa namijin da ya bari, Tutmos na Uku, wata ƙaramar mata ce mai suna Iset ta haife shi. Ke nan Hatshepsut gwaggonsa ce, kuma matar ubansa.

Sunayen da aka ɗora a kan nata sun ɓatar da masana shekaru. Bajamushe Kurt Sethe ya ɗauka a 1896 cewa duk wanda aka ga sunansa a kan wanda aka kankare, shi ne ya yi kankarar. Tunda akwai sunan ubanta, da na mijinta, da na ɗan mijinta, sai ya gina labarin juyin mulki a kan juyin mulki, wannan ya hau, a tumɓuke shi, ya dawo ya rama. Sai a 1933 William Edgerton ya nuna hannu ɗaya ne ya yi yawancin aikin, a zamanin Tutmos na Uku, bayan uban da mijin sun daɗe a kabari.

Saura a gane yadda matar sarki ta zama sarki. Tutmos na Biyu ya mutu wajen shekarar 1479 kafin Miladiyya, magajinsa yana ƙaramin yaro. Wani babban ma'aikacin fada, Ineni, ya bar bayani a kabarinsa cewa yaron ya hau gadon ubansa, amma Hatshepsut ce ke tafiyar da al'amuran ƙasa. Wannan ba baƙon abu ba ne a Masar. Iyaye mata sun sha riƙe wa 'ya'yansu ƙasa, kuma a cikin wannan zuriyar an yabi ɗaya daga cikinsu, Ahotep, a kan wani allon dutse na haikalin Karnak da cewa ta kula da sojoji, ta haɗa kan ƙasa. Hatshepsut kuma tana riƙe da sarautar Matar Amun, gunkin da ya fi kowane girma a wurinsu, sarauta ce mai gonaki da ma'aikata da dukiyar kanta. A 1916 Howard Carter ya shiga wani kabari da aka fafe a tsakiyar wani dogon dutse, ya tarar da akwatin gawa na dutse da ba a taɓa sa kowa a ciki ba, ɗauke da sunanta da laƙaban matar sarki. Da farko ke nan, kabarin matar sarki ta tanadar wa kanta. Daga baya ta bar shi, ta koma Kwarin Sarakuna, inda ake binne sarakuna.

Yaushe ta sauya? Amsar ta fito daga tulunan mai da giya. A haƙar 1935 zuwa 1936, ma'aikatan gidan tarihi na Metropolitan da ke New York sun buɗe kabarin iyayen Senenmut, babban wakilinta. A cikin tulunan da aka binne da su akwai masu kwanan wata na shekara ta 7 ta mulkin yaron, wasu hatiminsu na Matar Amun ne, wasu kuma na sabon sunan sarauta, Ma'atkare. A wannan tsakani ne ta ɗauki cikakkun laƙaban fir'auna. Mutum-mutuminta ma sun nuna hawan a hankali. Akwai wani na farin dutse a New York, tana zaune, jiki siriri na mace, fuska ƙarama mai ɗan murmushi, amma kai da ƙugu kayan sarki ne. Na baya sun koma siffar namiji ɗungurungum. Ba yaudara ba ce, domin rubutun da ke jikinsu bai daina cewa ita ba. A Masar hoton sarki hoton muƙami ne, kuma gemun nan ko sarakuna maza ɗaura shi suke yi.

Ta riƙe ƙasar har shekara ta 22. A shekara ta 9 jiragenta suka dawo daga ƙasar Punt ta Bahar Maliya da zinariya, hauren giwa, baƙin katako, da itatuwan turare da saiwarsu a cikin kwanduna. Ta sa an sassaƙo dogayen ginshiƙai masu tsini daga dutsen Aswan aka kafa a Karnak. Ɗaya na nan tsaye har yau, ya kusa mita 30, kuma rubutun gindinsa ya ce wata 7 aka yi ana aikin a ma'adanar dutse.

Nan ne tambaya mafi wuya take. Me ya sa aka shafe ta?

A shekarun 1920 Herbert Winlock yana haƙa a gaban haikalin sai ya faɗa kan ramuka cike da fasassun mutum-mutuminta, kawuna a nan, gwiwoyi a can, gutsattsarin jan dutse ba iyaka. Shi da abokan aikinsa ba su ɓata lokaci ba wajen ba da fassara. Labarin muguwar matar uba ne da maraya, irin wanda kowane yaro ya ji a tatsuniya: ta danne masa gado shekara 20, yana haɗiye takaici, tana mutuwa ya huce a kan duwatsunta. William Hayes ya siffanta ta da mai girman kai da kwaɗayin mulki, marar tsoron aikata komai. Labarin ya zauna daram a littattafai domin ya dace da abin da mutanen wancan zamani suka riga suka yarda da shi game da mace mai mulki. Ina ganin wannan zalunci ne na biyu da aka yi mata, kuma ya fi na farko ciwo, tunda masu ilimi ne suka yi shi.

Amma da walakin, goro a miya. Wanda ya ƙwace gado yakan kawar da mai gadon. Ita ba ta kashe yaron ba, ba ta kore shi ba, ba ta ma fara ƙirgen shekarun mulki nata na daban ba, da nasa ake lissafi har ta mutu. Yana tsaye tare da ita a bangayenta da kayan sarki. Ya girma ya ƙware a yaƙi, har ba a yi shekara da rasuwarta ba ya ja runduna zuwa Magiddo ya ci nasara. Wanda ake tsoro ba a barinsa kusa da sojoji.

Sai maganar lokaci. A 1966 Charles Nims ya bi gine-ginen Karnak yana duba wane bango aka ɗora a kan wane, ya nuna ba a fara kankarar ba kafin shekara ta 42 ta mulkin Tutmos, wato shekara 20 bayan mutuwarta. Jan ɗakin bautar da ta fara ginawa a Karnak, shi ne ma ya ƙarasa adonsa kafin daga baya a rushe shi. Mai fushi ba ya jiran shekara 20 alhali wuƙa da nama suna hannunsa.

Yadda aka yi ɓarnar ma shaida ce. A wani ɗaki a Karnak akwai zanen gumaka biyu, Horus mai kan shaho da Tot mai kan tsuntsu, suna tsaye dama da hagu suna kwarara ruwan tsarki daga tuluna. Launinsu yana nan, ja da shuɗi da rawaya, har alamomin rai da ke gangarowa a madadin ruwan. A tsakiyarsu kuwa sai tabon sara, an bi siffar mutum an tsattsage ta daki-daki, ba a taɓa ko yatsan waɗanda ke gefe ba. Wannan aikin magina ne da aka ba umarni, aka nuna musu iyaka. Inda aka sa wani suna a gurbin nata, galibi na uban Tutmos ne ko na kakansa, ba nasa ba. Hotunanta na lokacin da take matar sarki kuma yawanci an ƙyale su. A 2025 Jun Yi Wong na Jami'ar Toronto ya koma kan takardun haƙar Winlock, ya nuna da yawa daga mutum-mutumin an karya su ne a wuya da ƙugu da gwiwa, fuskokin lafiya lau, irin karyawar da ake yi wa na sarakuna maza idan za a kashe ƙarfin da aka yi imani yana jikinsu. Sauran dagargajewar ta zo ne daga masu ɗibar dutsen gini.

Ko don kawai ita mace ce? Shi ma bai wadatar ba. Shekara 300 kafin ita, Sobekneferu ta yi sarauta kusan shekara 4 a ƙarshen zuriya ta 12, kuma sunanta yana cikin jerin magabatan da Tutmos na Uku da kansa ya sa aka sassaƙa a Karnak. Bambancin shi ne Sobekneferu ta hau ne da aka rasa namiji, ta cike gurbi, zuriyar ta ƙare da ita. Hatshepsut ta hau alhali ga sarki namiji a raye, ta daɗe, ƙasa ta yi albarka a hannunta. Ta kuma rubuta a bangon Dairul Bahri cewa ubanta ne ya naɗa ta magajiyarsa a gaban fadawa. In aka karɓi wannan magana, an tsallake Tutmos na Biyu ke nan, kuma ta kansa ne kaɗai Tutmos na Uku ya sami gado, tunda uwarsa ba 'yar sarki ba ce.

Yanzu sai a duba halin da yake ciki a shekara ta 42. Ya haura shekara 40 a duniya, yaƙe-yaƙensa na Sham sun zo ƙarshe, hankalinsa ya koma kan wanda zai gaje shi. Ɗan da ya gaje shi, Amenhotep na Biyu, shi ma uwarsa ba jinin sarauta ba ce. Abin da yake bukata silsila ce miƙaƙƙiya, kaka zuwa uba, uba zuwa ɗa, ɗa zuwa jika, ba tare da wani reshe da zai ba wata 'yar sarki ko danginta hujja ba. Shi ya sa sunan ubansa da na kakansa ne suka shiga zobban da aka kankare, shi ya sa sarautarta aka nufa aka bar aurenta. Wannan fassarar ce yawancin masana suka koma kanta, kuma ita ce kaɗai ta ɗauke shaidun duka ba tare da ta zubar da ɗaya ba. Da Amenhotep ya kafu a kan gado, aikin kankarar ya lafa, har aka bar wasu bangaye rabi a sare rabi da adonsu.

Matan gidan ne suka biya kuɗin wannan gyara. Sarautar Matar Amun, wadda Hatshepsut ta taka ta hau, ta rasa ƙarfinta na ɗaruruwan shekaru. Amenhotep na Biyu ya yi mulki fiye da shekara 25 ba tare da ya fito da matansa a gine-ginensa ba, har uwar magajinsa, Tiya'a, sai a zamanin ɗanta Tutmos na Huɗu aka ɗaukaka sunanta.