Makarantar Gwamnati: Ina Kuɗin Yake Maƙalewa?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau daga Tudun Wadar Zariya za mu duba halin da makarantun gwamnati suke ciki a Jihar Kaduna: kuɗin da ake ware musu, wanda ke isa gare su, da kuma waɗanda aka rufe.

Mutumin Tudun Wada ba baƙo ba ne ga boko. Taku kaɗan ne daga nan zuwa Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da shari'a da sha'anin mulki. Ga Kwalejin Barewa, wadda ta samo asali a Katsina a 1921 kafin ta zauna a Zariya. Ga ginin Gaskiya, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Alhaji Abubakar Imam ya fara jagoranta a 1939. Manyan da suka fito daga waɗannan wurare, a cikinsu akwai 'ya'yan talakawa da hukuma ta ɗauki nauyin karatunsu. To yau wa ke ɗaukar nauyin ɗan talaka?

Idan takardar kasafin kuɗi za a duba, Kaduna ba ta da abin kunya. A kasafin 2024 ta ware wa ilimi kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ya zarce kashi 15 zuwa 20 cikin 100 da ƙasashen duniya suka amince da shi a taron Incheon na 2015. Amma ware kuɗi daban, sakin kuɗi daban. A ƙarshen watan Maris na 2024, Gwamna Uba Sani ya faɗa wa jama'ar jiha cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Ya ce daga cikin biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a wannan watan, biliyan 7 sun tafi wajen biyan bashi, alhali albashi kaɗai ya haura biliyan 5. Bashin da aka ci da dala, da dala ake biyansa, kuma dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Haka siminti da kwanon rufi da katakon benci suka yi tashin gwauron zabo. Ke nan ko ba a rage ko kwabo a takarda ba, ajin da kuɗin zai iya ginawa ya ragu.

(GAJEREN KIƊA)

Sai batun malamai. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su, ta yi alkawarin ɗaukar 25,000. A watan Yunin 2022 aka sake sallamar wasu 2,357. Har gobe mutane na musu kan ko gyara aka yi ko ɓarna. Abin da babu musu a kai shi ne, malamin da ya cancanta ba ya daɗewa inda albashi bai kai shi ƙarshen wata, kuma ajin da ba malami, ko ƙofarsa a buɗe take, rufaffe ne.

Akwai kuma rufewa ta zahiri. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya suka kwashi ɗalibai da malamai. Wata guda bayan haka, da aka sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist, gwamnati ta rufe makarantu 13, daga bisani ta ɗage komawa karatu a faɗin jihar. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗaliban makarantar garin Kuriga, kuma a wannan shekarar gwamnati ta sanar da shirin haɗe makarantu 359 da wasu da ke wuraren da ke da tsaro. Rashin tsaro ne dalili, gaskiya ne. Amma katanga da maigadi da hanya mai kyau duk kuɗi ne, kuma yaron da aka ce ya koma wata makaranta yana buƙatar benci da malami a can.

Mutanen ƙauyukan da aka tasa, daga Giwa da Birnin Gwari, da yawansu cikin gari suke gudowa. 'Ya'yansu kan ƙaru a kan azuzuwan da dama can sun cika. Mai ɗan hali sai ya cire nasa ya kai makarantar kuɗi. Wanda ba shi da shi sai ya ce, "Malam, abin da za a ci ma ya gagara." Daga nan yarinya ta ɗauki tiren talla, yaro ya nufi garejin kanikawa. Wannan ficewar ba ta fitowa a sanarwar gwamnati.

To, me ya rage gare mu? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta karɓar kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomin kuɗinsu kai tsaye. Don haka kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha duk suna da amsar da za su bayar. Iyaye maza da iyaye mata, kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin al'umma da ke sa ido a kanta. Ku halarci zamansa. Ku tambayi hedimasta yara nawa ne a aji, malamai nawa ke zuwa. Idan ɗan siyasa ya zo da labarin biliyoyin da aka ware, ku ce masa: ranka ya daɗe, nawa aka saki, kuma wane aji aka gina da shi?

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)